Gwadabe Mai Faci da Tantabarunshi

In ka shigo ta Ƙofar 'Yandaka ka ɗan miƙa, akwai wani icen bedi da aka kafa ma ƙusa aka rataye tsohuwar tayar keke. Tayar tana nan har yau, rana ta cinye ta. A ƙarƙashin icen nan Gwadabe ya yi sana'ar faci tun muna samari har furfura ta kama mu. Taubashina ne. Mahaifiyarshi, Gwaggo Hure, ƙanwar mahaifina ce, na kuma girme shi da 'yan shekaru, don haka kusan tun daga numfashinshi na farko na san shi. Yanzu da numfashin ya zama abin lallaɓawa, na ga ya kamata in faɗi abin da na sani game da shi, ko da ba wanda ya tambaye ni.

Sunanshi na yanka Nu'umanu, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba sai liman, ranar ɗaurin aurenshi. Gwaggo Hure ta tafi biki wani ƙauye wajen Ajiwa da cikin wata bakwai. A hanyar dawowa naƙuda ta kama ta, mata suka kewaye ta da zannuwa a bakin hanya. Abin da ya sa ake ce mashi Gwadabe ke nan. Cikin ƙwarya aka shigo da shi gari, an shimfiɗa mashi auduga. Na yi ɗage na leƙa. Abin da na fi tunawa ƙirjin ne. Yana lotsawa yana tasowa da sauri, kamar maƙoshin ƙadangare, kowane numfashi da ɗan nishi a ƙarshenshi. Ba a yi guɗa ba. Masu zuwa barka sukan leƙa ƙwaryar, su ce Allah shi raya a hankali, su fita.

Kakarmu kuwa ta tashi tsaye. Ta aika kasuwa aka sawo mata tantabara biyu, mace da namiji, ta huda gindin wata tsohuwar tukunya ta rataye a bakin ɗakin mai jego. Ta ce, "Abin da ya nufo yaro ya tarar da su a ƙofa." Tsofaffinmu haka suke cewa: gidan da ke da tantabara, in an yi jifa, a kansu yake faɗawa. Malamai sun sha faɗa cewa babu wannan a littafi. Tsofaffin kuwa ba su yi musu ba, ba su kuma sauke tukwanensu ba. Kafin a yi arba'in, tantabarar ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, sai aka wayi gari namijin ya faɗo daga tukunya matacce. Yaro kuwa ya kama nono. Ba wanda ya haɗa abu biyun nan a baki. Amma kowa a gidan ya gani, shi ma da ya yi wayo an ba shi labari, ba sau ɗaya ba.

Ya girma siriri, mai dariya. In muna langa shi ke fara zama yana haki, mu kuwa mu taru a kanshi. "Bakwaini, koma ka cike wata biyun da ka baro!" Yakan jira sai numfashi ya dawo mashi kafin ya rama. "Ku da kuka cike naku, me kuka tsinta?" Dako bai yiwu gare shi ba, noma ma haka. Sai ya zauna wajen wani mai gyaran keke ya koyi faci, sana'ar zama.

Na sha zama a bencinshi ina kallo. Ya ba tiyub iska, ya nutsa shi cikin daro, ya bi shi a hankali har ya ga inda kumfa ke tasowa. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho, sa'an nan ya aje ya kama hira. Mai keke yana tsaye yana ƙafa-ƙafa, shi ko a jikinshi. "Sai ya sha iska," in ji shi. "In ka manna da ɗanye, gobe ma kana nan." Abu ɗaya ne ba ya yi ko an roƙe shi. In aka kawo tiyub da ya hudu a kan tsohon faci, sai ya miƙa ma mai shi abinshi. "Faci kan faci ba ya buɗewa. Ka ba shi iska, ko'ina ya tashi, nan ya tsaya ƙiƙam. Je ka sawo sabo." Da kekuna suka ja baya, babura suka cika gari, ya koma ma tayar babur, maganar dai ba ta sake ba.

Tantabarun kuwa, jikokin waccan ta kakarmu ne, haka yake cewa. Daga tukunya ɗaya suka cika bangon tsakar gida, daga baya ya ba su ɗaki sukutum. Matarshi Furera takan ce ita ce ta biyu a gidan, su ne na farko, yakan ce ai sun riga ta zuwa. Yana da wani fito nashi, gajeru biyu da dogo ɗaya mai lanƙwasa. In ya dawo daga bakin bedi bayan la'asar ya tsaya a tsakar gida ya yi shi, sai ka ga sama ta yi duhu. Su sauka a kafaɗarshi, a hularshi, a gwangwanin dawar da ke hannunshi. Bai taɓa sa ma ɗaya wuƙa da hannunshi ba. Amma duk wadda ta haihu a unguwa, duk wanda ya tashi daga jinya, sai Furera ta aika da 'yan shila a yi mashi romo. Ranar Juma'a ba ya buɗe sana'a sai an sauko daga masallaci. Da safe yakan shiga ɗakin tsuntsaye ya ja ƙofa, don kada su watse, ya kankare busasshen kashinsu ya share ya zuba a buhu, majema su zo su ɗauka don aikin fata. In ya fito, gira da gemu sun yi fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa.

Ba zan iya cewa ga shekarar da abin ya fara ba. Mun dai lura cewa duk yammacin Juma'a sai zazzaɓi ya rufe shi, da tari busasshe da nauyin ƙirji. Kafin Lahadi ya warware. Aka sha maganin zazzaɓin sauro, aka sha na shawara. Maƙwabcinshi Dabo, mai sayar da itace, mutumin kirki mai yawan sanin dalilin kome, shi ya fara girgiza kai.

"Ciwon da ya san ranar Juma'a, wanga ba na asibiti ba ne."

Daga baya ciwon ya bar zaɓen rana. Wata safiya na iske shi rungume da famfon hannu, ya ba taya iska rabi ya tsaya, yana kallon ƙasa, kafaɗu na hawa suna sauka.

Na ce, "Bakwaini, famfon ne ya tsufa ko mai shi?"

Ya ɗaga hannu in jira. Na jira. Ramuwar ba ta zo ba.

Ɗiyarshi Na'ima, wadda ke koyarwa, take kuma aure a GRA, ita ta matsa aka kai shi asibiti. Aka gwada majina, aka ce ba tarin fuka ba ne. Aka kwantar da shi kamar mako biyu, ana ce ma abin sanyin haƙarƙari. Ya murmure sosai. Har ya riƙa zagaya gadajen marasa lafiya yana tsokanarsu. Aka sallame shi ya dawo gida, tsuntsaye suka yi mashi maraba, ya shiga ya share masu ɗaki saboda ya daɗe ba a share ba. Kafin sati ya zagayo ya koma yadda yake. Aka sake kwantar da shi, ya sake tashi, ya sake dawowa, ya sake faɗuwa.

A nan ne Dabo ya samu hujja, kuma in an bi ta yadda muka taso, hujjar ba ta da kaushi.

"Ku duba mani nan," in ji shi, muna zaune a zaure. "Mutum ya bar gida ya warke. Ya dawo gida ya kwanta. To ina ciwon yake? A gidan yake. An yi ajiyar asiri a gidan ga."

Furera tana bayan ƙofa, ta ce, "To wa muka tsare ma wani abu, Malam Dabo? Mai faci?"

"Hassada ba ta duba sana'a. Ki lura, ko tantabara ɗaya ta mutu kwanan nan?"

"Ko ɗaya."

"Kin gani. Ba ta kansu yake bi ba. Gwadabe ya yi masu nisa. Ɗakinshi na can ƙurya, su suna nan."

Washegari aka ɗauko gadon Gwadabe aka kawo ɗakin da ke manne da na tsuntsaye, wanda tagarshi ke buɗewa cikin nasu. Dabo ya kawo tantabara biyu farare daga wajen wani abokinshi. Labari ya bazu a unguwa, kuma Gwadabe mutum ne da romon 'yan shilarshi ya shiga kowane gida. Wannan ya kawo biyu, waccan ta aiko da biyu. Kowa da zuciya ɗaya ya kawo. Na je duba shi na tarar da shi kwance, hasken taga ya ratso, wani farin gari yana yawo a cikin hasken a hankali, yana sauka a kan bargo. Suna ta guɗarsu ta tantabara a bayan bango. Ya ce mani bai taɓa jin daɗin ɗaki kamar wannan ba.

Damina ta wuce a haka. Ya bar zuwa bakin bedi. Daga gado zuwa bayan gida sai ya huta a hanya.

Na'ima ta samo wata likitar ƙirji a babban asibiti. Ni na raka su, don ya ce ba ya zuwa sai da wanda zai yi ma dariya. Likitar yarinya ce, ba ta fi Na'ima ba. Ta sa abin saurare a bayanshi ta daɗe. Ta kama yatsunshi ta duba farce, waɗanda suka kumbura suka lanƙwashe ba mu lura ba. Ta ɗaga hoton ƙirjin da aka ɗauka a na'ura. Ta tambayi sana'a, ta tambayi taba, ya ce bai taɓa ba. Sai ta miƙa hannu ta ciro wani ɗan gashi fari daga naɗin hularshi, ta riƙe shi.

"Baba, kana kiwon tsuntsaye?"

Fuskarshi ta washe. Ya fara ba ta labari, yana yi yana hutawa. Ta bar shi ya kai har tukunyar kakarmu.

"Bakwaini ne kai, Baba?"

"Ga shaida nan zaune," ya nuna ni. "Shekara sittin yana tuna mani."

Ta jawo kujera kusa da shi. Abin da ta faɗa zan maimaita yadda na riƙe shi.

Ta ce huhu ba buhu ɗaya ba ne. Iska in ta shiga takan bi rassa kamar na ice, rassan su yi ta ƙanƙancewa, a ƙarshen kowane ɗan reshe akwai 'yan jakunkuna cunkus, ido ba ya ganinsu, yawansu ya wuce lissafi. Bangon kowace jaka ya fi fatar cikin albasa siranta, ta nan iska ke ratsawa ta shiga jini. Ta ce ɗan wata bakwai jakunkunan nan ba su gama fitowa ba, kuma wani maiƙo da ke hana su mannewa in an fitar da numfashi bai wadata ba, shi ya sa bakwaini ke nishi. Mafi yawansu bayan haihuwa suke samuwa, yaro na girma suna rarrabuwa suna ƙaruwa. Wanda ya fito da wuri sau da yawa ba ya cike adadin. Abin da ya samu ya isa a rayu, sai dai babu rara.

Ya juyo gare ni. "Ka ji, Mamman. Wata biyun nan da kuke ta aike ni in cike."



Ta ci gaba. A kusurwar kowace jaka, in ji ta, akwai wasu 'yan ƙwayoyi dunƙulallu. Su ke yin maiƙon nan. In kuma bango ya ji rauni, su ke hayayyafa, su baje, su zama sabon bango siriri kamar na da.

"Masu faci ke nan," in ji Gwadabe. "Ashe ina da abokan sana'a a ciki."

"Kana da su, Baba, kuma sun iya aiki. Su suka tashe ka duk lokacin da aka kwantar da kai a nan. Amma suna son a ba su lokaci. In rauni ya zo, ba su gama ba wani ya zo a kai, yau da gobe, sai jiki ya cike wurin da tabo. Tabo kauri gare shi. Ba ya buɗewa, iska ba ta ratsa shi." Ta nuna ƙasan hoton, inda ya yi fari kamar saƙar gizo. "Nan ya riga ya zama tabo. Nan sama kuwa kumburi ne, ana iya ceto shi."

Ya daɗe yana kallon hoton. A hankali ya ce, "Faci kan faci." Can kuma ya ce, "To ɗiyata, a ina ake sayen sabon tiyub?"

Ba ta yi dariya ba. Ta aje ɗan gashin nan a kan tebur tsakaninsu. Ta ce jikin tantabara yana fitar da wani gari mai laushi, busasshen kashinsu ma haka. Mutane da yawa suna shaƙa ba abin da ke samunsu. Wasu kuwa jikinsu yakan ɗauke shi abokin gaba, ya tada yaƙi a cikin jakunkunan nan, yaƙin ne ke ɓarna. Za ta ba shi magani mai kwantar da kumburi. Amma maganin gaske shi ne ya rabu da su, duka, a wanke gidan, kada ko gashi ɗaya ya rage.

"Tun ina cikin ƙwarya nike tare da su."

"Jiki yakan yi haƙuri shekaru, Baba, rana ɗaya ya juya."

"Su fa suka tsaya mani a ƙofa."

"Allah ne ya raya ka."

"Allah ne," in ji shi. Ya ɗauki gashin ya sa a aljihu.

Muka kamo hanyar gida a mota. Na'ima ta ce, "Baba, ka dai ji." Ya ce ya ji. Aka mayar da gadonshi ƙurya a ranar, wannan bai yi gardama ba. Dabo da aka gaya mashi, ya ce shi dai alheri ya nufa. Kowa ya san haka.

Rabuwar ce ta ƙi. Ya ce a bari waɗanda ke kwanci su ƙyanƙyashe. Suka ƙyanƙyashe. Ya ce a bari 'yan shilar su yi gashi, ba a raba ɗa da uwa. Kafin su yi gashi wasu sun kwanta. Na'ima takan zo ta zauna a bakin gadonshi ta yi magana mai daɗi, wata rana ta yi kuka, wata rana ta tashi ta tafi ba sallama ta dawo da yamma da abinci.

"Baba, ko su ko kai."

"Haka kakarmu ta ce. Ko su ko ni."

"Ba haka take nufi ba!"

"Kin san ta?"

Da ƙyar ya yarda a kai su wajen wani ɗan'uwan Furera, a wani ƙauye bayan Mani. Aka kama su cikin kwanduna aka ɗora a mota, ya juya fuska bango. Aka wanke ɗakin, aka sauke tukwane. Gidan ya yi tsit har kunne na ƙara. 'Yan kwanaki kaɗan, Furera na shanya a tsakar gida, ta ji fuka-fuki. Wata shuɗiya ce, tsohuwa, ta sauka a inda tukunyarta take a da, tana tafiya a kan katanga tana leƙen ƙusar. Kafin azahar sun zama biyar ko shida. Kafin sati, kusan duka. Mun manta, ko kuwa mun sani muka ƙi tunawa, cewa tantabara ba a sake mata gida.

Na tarar da shi a bakin ƙofar ɗaki, zaune a ƙasa, gwangwanin dawa a cinya, hawaye na zuba yana dariya.

"Mamman, daga Mani fa. Ba mota, ba guzuri. Kai ko Ƙofar Sauri aka kai ka sai ka yi tambaya."

"Likita ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Wanda ya dawo gidan ubanshi, da wane baki za ni kore shi?"

Aka gwada fige masu fiffike aka kai kasuwa. Waɗanda aka saya don yanka sun tafi ke nan, bai tambaya ba, ba mu faɗa ba. Waɗanda aka saya don kiwo, gashi na fitowa suka dawo. Dabo ya ce a yanka su duka a yi sadaka, lada biyu. Gwadabe ya dube shi ya ce, "Da wace wuƙa?" Aka bar maganar. Ba tukwane, sai suka koma kwana a kan katanga da cikin rufi, gari yana saukowa ta silin. Shi kuma in an ɗauke ido, sai a ga ƙwayar dawa a watse a bakin ƙofarshi.

Da muka koma asibiti aka sake hoto, farin nan na ƙasa ya hau. Likitar ta jera tsohon da sabon. Ba ta yi faɗa ba, na so ma ta yi. Ta ce abin da ya zama tabo ya tafi. Abin da ya rage, in aka bar masu facin nan su huta, mai yiwuwa su riƙe shi. In ba a bar su ba, ba ta da wani abu a hannunta.

Da aka kasa fitar da tantabara, sai aka fitar da mai gida.

Wanda ba namu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Dattijo ya kwashe kaya ya koma gidan surukinshi, ya ci tuwon gidan, ya yi tari suruki na ji. Mijin Na'ima, Alhaji Siddiƙu, mutum ne mai kunya, ya gyara masu ɗakin baƙi mai ƙofa ta waje, yakan gaishe shi daga bakin ƙofa a durƙushe ya wuce. Duk da haka ranar da za a tafi, Gwadabe ya ce mani, "Da na san haka za a ƙare, da na bi namijin nan na kakarmu tun ina cikin ƙwarya, an huta." Na ce ya yi istigfari. Ya yi.

Yanzu yana can. Akwai wata na'ura a gefen gado mai gurnani, da siririn tiyo da ke zuwa hancinshi. In an ɗauke wuta akan koma kan batir, in batir ya yi ƙasa kowa a gidan ya riƙa duban agogo. Zazzaɓin ya tafi. Tarin ya ragu. Likita ta ce farin bai ƙara hawa ba, ta ce wannan nasara ce, mu ma muka ce alhamdu lillahi. Salla a zaune yake yi. Magana yakan yanka ta gunduwa-gunduwa. Duk wanda ya biya ta tsohon gidan, sai ya sake riga kafin ya shiga wurinshi, haka Na'ima ta kafa doka. Dabo, wanda aka bar ma makulli da buhun dawa, daga taga yake gaishe shi.

Bayan ƙaramar salla ya roƙi Na'ima ta kai shi ya gan su, ko daga nesa. Ta tambayi likita, aka ce daga cikin mota, a tsallaken titi, ba daɗewa. Aka ɗauko ƙaramar tukunyar iska aka aje a ƙafarshi. Ni ina baya. Muka tsaya bayan la'asar daidai bedin nan, inda ake hango katangar gidan. Suna nan jere a kanta, ba kamar da ba, amma da saura.

"Sauke gilashin."

"Baba..."

"Kaɗan."

Ta sauke. Ya zare tiyon daga hanci, ya gyara zama, ya tattara leɓe. Na ga kafaɗunshi sun tashi. Abin da ya fito iska ce kawai, kamar tayar da ke sacewa. Ya huta. Ya sake. Gajeren farko ya ɗan yi ƙara, na biyu ya karye, dogon bai zo ba, tari ya zo a madadinshi. Na'ima ta mayar mashi da tiyon. A kan katanga ko ɗaya ba ta juyo ba. Wata tana gyaran fiffike.

Da ya samu kanshi ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Mamman, yi masu. Ka san shi ai. Gajeru biyu, dogo ɗaya."

Na san shi. Na gwada. Haƙoran gaba sun daɗe da barina, abin da ya fito ko akuya ba ta juyo mashi ba.

"Wata tara cur," in ji shi, "ko fito babu."

Muka yi dariya mu biyu, tashi ta ƙare da tari. Wani mai babur ya wuce da ƙara, suka tashi gaba ɗaya, suka zagaya saman unguwa sau biyu, suka dawo suka sauka inda suke. Ya bi su da ido har suka natsu.

"Sun ji ka, Baba," in ji Na'ima.

"Ɗaga gilashin," ya ce. "Mu tafi."

Bai sake neman a kai shi ba. Ina zuwa wurinshi duk Juma'a in an sauko, da riga wankakkiya. Tantabara ba ta zama inda ba a kiranta. Dabo yana watsa dawa in ya tuna, amma suna raguwa, wasu sun bi garken wani gida a bayan masallaci. Tsofaffinmu suna da abin da suke cewa game da gidan da tantabara ta bari, wai ƙofarshi ta rasa mai tsaro, amma ba wanda ya faɗe shi a gabanshi. In mun gama gaisawa, mun taɓa hirar gari, na'urar na gurnani, yakan ce, "Suna nan?"

Nakan ce suna nan. Ba ya tambayar nawa.